Ranar da Na Yi wa Motar Barma Yaɓe

Ko tsufa ya kai ni in mance sunan uwargidana har in riƙa kiranta "ke wance", ba za ni taɓa mantawa da ranar da aka yaye zana daga jikin motar Barma a bakin kasuwar Sabon Birni ba. Ko na so in manta ma mutanen garin nan ba za su bari ba. Har gobe in na gitta wata majalisa sai wani mai giɓi ya wage baki ya ce, "Magini, ga rami nan, a taimaka da laka."

Ni dai magini ne, ɗan magini, jikan magini. A lokacin da nake ba ku labari Turawa ke mulki, yaƙin Barma bai daɗe da ƙarewa ba, ni kuwa ina kan ganiyata. In na yi wa katanga yaɓe, ƙadangare kan taho da gudu zai hau, santsi ya dawo da shi ƙasa, ya tsaya yana gyaɗa kai don girmamawa. (Masu hassada na cewa ƙadangare dama haka yake gyaɗa kai. Ku bar su da halinsu.) Abu ɗaya mahaifina ya dasa mini tun ina ɗauko masa tubali: rami a bango zagi ne ga uban magini. Kuma a wurinmu duk abin da kake ƙauna, kake so ya daɗe, to ka yaɓe shi kafin damina. Rumbu haka, ɗaki haka, katangar masallaci haka. Da wannan karatu na tashi, shi kuma ya kai ni ya baro.

A shekarar nan Sarkin Magina ya rasu, rawaninsa na ajiye ba a naɗa kowa ba. Ba sai na ce muku ina so ba. Har na fara koyon tafiya a hankali da yin gyaran murya kafin in yi magana, uwargidana Hajo tana tambayata ko ƙaya na taka.

To, akwai wani tsohon soja a garinmu, Saje Ɗanjimma, direba ne a yaƙin. Ya dawo da takalma masu nauyin turmi, da usur a wuya, da labarai buhu-buhu. A bakinsa muka ji cewa matsattsakun Barma sun kai taɓarya, kuma ruwan sama a can in ya fara da azumi sai babbar salla yake tsagaitawa. Ni da shi muke raba majalisa a gindin tsamiyar kasuwa: in ya ɗora nasa, in ɗora nawa a kai. Shi ya sa ban cika gaskata shi ba. Mai ƙarin gishiri ai ya san ɗanɗanon miyar ɗan'uwansa.

Shi ne ya jawo mana motar. Ya ce ita ya tuƙa a dajin Barma, da aka gama yaƙi aka lodo ta a jirgin ruwa tare da su, ta yi ta jigila a barikin soja har ta gaji ta kwanta. Da ya ji za a yar da ita sai ya kafa wa Turawa naci, yau yana ƙofar wannan, gobe yana ƙofar wancan, har Joji, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ya gaji ya yarda a kawo ta Sabon Birni a girke a bakin kasuwa, don tunawa da 'ya'yan ƙasar Gobir da suka tafi yaƙin ba su dawo ba. Jirgin ƙasa ya sauke ta a Ƙaura, daga nan bijimai da ƙarti suka jawo ta, ta Shinkafi, ta Isa. Mutanen Isa har sun so su riƙe ta, wai ta fi dacewa da garinsu. Muka ce in suna so su je Barma su ɗauko tasu.

Ranar da ta iso gari ya fito kallo, har da ni. Ido ɗaya gare ta, ɗayar fitilar ta tsiyaye. Ba gilashi, tamfol ɗin baya ya zama tsumma, launinta kamar miyar kuka da ta kwana. Jikinta kuwa huji ko'ina, sai ka ce rariya. Na ce a raina, wannan ai ba abin tunawa ba ne, abin tausayi ne.

Tare da ita wani Bayarabe makanike ya zo, Lamidi, don ya daidaita mata ƙafafu. Kun dai san tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa, wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Yana ganin tsagar da ke kumatuna ya ce, "A'a, ga wani bawana da damisa ta yakushe! Zo ka riƙe mini sufana."

Na ce, "In ubangida na son aiki ai shi ka kiran bawa. Wa yak kira ka?"

Muna cikin haka Joji ya iso tare da Hakimi. Shi Jojin nan Mai Jan Kunne muke ce masa, don in rana ta buge shi, ko ransa ya ɓaci, kunnuwansa kan yi ja kamar gauta. Ya yi magana, tafinta ya juya: ana so a yi wa motar mazauni mai kyau, a kiyaye ta kada ruwa da rana su cinye ta, har jikokin jikoki su tarar da ita. Hakimi ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Magini, ga aikinka. In ka fid da mu kunya, ba mu mancewa."

Wallahi a take na ji nauyin rawani a kaina. Na faɗi na yi gaisuwa har goshina ya kwashi ƙasa.

Da manya suka watse, Saje ya kamo hannuna ya kai ni ƙofar hagu ta motar. Ya sa ɗan yatsansa a wani huji da ke daidai ƙirjin mai zama.

Ya ce, "Magini, ka ga wanga? Nan Nomau yaka zama, ɗan Kurawa. Muna tahiya yana ba ni labarin hurar innatai, wai in mun koma gida sai ya sha ƙwarya biyu bai ɗaga kai ba. Ta nan harsashin yas shigo. Bai ƙare labarin ba."

Na ce, "Allah shi jiƙan shi."

Ya ce, "Amin. Can munka rufe shi. Tsohuwar ba ta ga gawa ba, ba ta ga makara ba, don haka zuciyarta ta ƙi yarda. Har yau in ta dama hura sai ta rage mai nashi. Na yi mata alkawali za ni kawo ta ta ɗora hannunta inda ɗiyanta yay yi zaman ƙarshe, ko ta samu ta sake shi. Gobe za ni ƙauyuka in gayyato iyalan waɗanda ba su dawo ba, sai ranar buɗewa ka gan ni."

Na ji maganar nan sarai, ba za ni ce ban ji ba. Amma da kunnen magini na ji ta. Yana magana idona na kan hujin, ina auna dunƙulen lakar da zai cike shi. Na ce a raina: tsohuwa za ta taso tun daga Kurawa, sa'an nan ta tarar da wurin zaman ɗanta yage-yage kamar zanen mahaukaciya? Ba a garin da nake magini ba. Za ta zo ta ga an karrama ɗanta, Hakimi ya ga aiki, rawani kuma ya san kan da zai sauka.

Abu na farko da na yi, na kewaye motar da zana ninki biyu, don kada abokan sana'a su leƙo su sace mini fasaha. Na ɗauko ƙannena biyu na rantsar da su. Muka ɗora ta a kan duwatsu kamar yadda ake wa rumbu saboda gara. (Har yau ban ga garar da ke cin ƙarfe ba, amma ban ga dalilin da zai sa a fara da tawa ba.) Sa'an nan muka kwaɓa laka da ciyawa da kashin jaki, muka bar ta ta ruɓa yadda ake so, na yi bisimilla na maka mata yaɓen farko. Kafin in juya ya sulale ƙasa, tim. Ashe ƙarfe ba ya riƙe laka. Mai hankali da a nan ya gane Allah ne ke masa magana. Ni kuwa sai na ce ƙarfe bai san da wa yake yi ba.

Na sa aka yo mini karan dawa da igiyar rama, muka naɗe motar tun daga hanci har wutsiya kamar ana ɗaurin karaya, sa'an nan na sake yaɓawa. Ta kama. Hujin nan na Nomau kuwa na ba shi kulawa ta musamman: na fasa tsingaro na cusa, na bi da laka, na danne da babban yatsa har sai da na tabbata ko iska ba za ta san an taɓa yin rami a wurin ba. Da ta bushe na jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da muke ƙarfafa yaɓe da shi, na shafe ta sau da yawa, ta yi ƙarfi tana ƙyalli. Na bi da farar ƙasa. Na kawo shuni da jar ƙasa na zana takubba a gefe ɗaya, tunda abin na yaƙi ne, a ɗaya gefen na zana ƙadangaru, tunda su na fi iyawa.

Duk da haka na ga da saura. Sai na tuna da tasoshin jeren Hajo, masu furanni, waɗanda ko ni ba a zuba mini tuwo a ciki. Na faki idonta ran da ta tafi suna, na kwaso su na lilliƙa a jikin yaɓen, biyu a gurbin fitilu. Da ta dawo ta ga ɗaki fayau ta ɗora hannu a ka, na taya ta salati, har na ce mata aljanun zamanin nan ba su da kunya.

A ƙarshe na yi wa motar jinka ta sabuwar ciyawar shuci, na kafa kwalba a ƙololuwa. Ƙafafun kaɗai na bari a waje, don kada a ce ban san mota ba.

Lamidi bai koma Ƙaura ba, yana jiran buki. Kullum sai ya zo bayan zana ya toshe hanci ya ce, "Bagobiri, mota kake gyarawa ko masai kake ginawa?"

In ce, "Yi haƙuri, bawan gidanmu. Ranar buki za ka ga abin da kakanka bai gani ba."

Wannan kam na faɗi gaskiya.

Aka sa buki ranar kasuwa. Mutane suka yi dafifi, daga Gangara, daga Kurawa, daga Isa, har da na hayin iyaka daga ƙasar Faransa. Fulani masu tallan nono suka sauke ƙorai suka tsaya. Tsofaffin sojoji suka jeru cikin kakinsu da ya koɗe, lambobi na lilo a ƙirji, Saje a gaba da usur a baki. Gefensa ga wata 'yar tsohuwa a kan jaki, ƙarama kamar a sa a aljihu, yanar tsufa ta rufe mata idanu, ta rungume ƙwarya rufe da faifai. Ita ce Inna Hassi, mahaifiyar Nomau.

Ni kuwa na aro babbar rigar surukina, na sa 'yar hula ƙarama da gangan, don in an zo naɗi kada a sha wahala. Na tsaya kusa da zana ina gyaran murya.

Joji ya yi jawabi, tafinta ya juya, liman ya yi addu'a ga mamata. Sa'an nan Joji ya ɗaga sanda, dogarai suka yanke igiya, zana ta faɗi.

Ban taɓa jin kasuwar Sabon Birni ta yi shiru irin na ranar ba. Har awaki suka daina kuka. Ni ina nan na bubbuɗe kafaɗu, na ɗauka kyan aikin ne ya ɗaure wa jama'a baki. Can sai wani dattijon Bafillace, ya rataya sanda a wuya, ya leƙa dama ya leƙa hagu, ya ce da iyakar gaskiyarsa, "To, mun ga rumbu. Ina motar?"

Sai kasuwa ta fashe. Wani ya faɗi yana birgima. Mahauta suka riƙe ciki da wuƙaƙe a hannu. Mutanen Isa, waɗanda dama da haushinmu suka zo, har tafi suke. Lamidi ya zauna daɓas a ƙasa yana kiran sunayen kakanninsa da Yarbanci. Ana cikin haka wata murya ta keto daga wajen mata, muryar da ko a kabari na ji ta sai na tashi zaune:

"Tasoshina! La ilaha illallahu, ga aljanin can da rigar babana!"

Kunnuwan Joji suka yi ja, suka wuce ja suka koma wani launi da ba mu da sunansa. Ya zagaya ginin sannu a hankali, ya ƙwanƙwasa da sanda, ya duƙa ya leƙa ƙafafun. Ya yi wata 'yar gajeriyar magana. Tafinta, yana cije leɓe, ya ce, "Yana tambaya, motar tana ciki?"

Na ce, "Tana ciki, ranka shi daɗe, lahiya lau. Ko ɗigon ruwa ba shi taɓa ta har tashin ƙiyama."

Hakimi ya ja rawani ya rufe bakinsa, amma kafaɗunsa sun tona masa asiri.

Duk wannan da sauƙi. Dariya ai abincina ce, da ma ni ke dafa wa mutane ita. Abin da ya kashe mini jiki shi ne da na dubi Saje. Shi bai yi dariya ba. Usur ya faɗo daga bakinsa yana lilo a ƙirji, ya tsaya yana kallon farin bangon nan, daidai inda ƙofar hagu take a da.

Inna Hassi ta ce, "Ɗanjimma, mi aka wa dariya? Sauke ni, ka kai ni wurin."

Ya sauke ta daga jaki, ya riƙe mata ƙwaryar, ya ja ta a hankali. Dariyar ta fara mutuwa tun daga sahun gaba har ta kai baya. Tsohuwa ta miƙa hannu ta taɓa. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta bi ta kan takobina, ta ci karo da tasar Hajo ta ƙwanƙwasa ta da farce.

Ta ce, "Wagga katanga ta. Ina ƙohwar? Ina ramin da kac ce?"

Saje ya yi ƙasa da murya ya ce, "Inna, magini ya toshe shi."

"Kira mini shi."

Tsakanina da ita bai fi taku kaɗan ba, amma tafiyar ta fi mini zuwa Sakkwato a ƙasa. Rigar surukina sai harɗe ni take. Na durƙusa a gabanta na ce, "Ga ni, Inna."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Sai ta laluba ta kama fuskata da hannu biyu, kamar mai zaɓen kabewa a kasuwa. Yatsunta suka sauka a kan tsagata, ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya tun daga gefen baki har kunne.

Ta ce, "Bagobiri na kai?"

Na ce, "Shi na, Inna."

"Da wanzami yay yi maka wagga, ka yi kuka?"

"An ce har maƙwabta sunka kawo ƙara, Inna."

"Ta yi jini?"

"Ta yi."

"To mi yah hana uwarka ta kwaɓa laka ta shahe maka, tunda rauni na?"

 Na ce, "Don a san ko ɗan wa na ni, Inna."

Ta ce, "To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na sha zagi a duniya, na sha bulalar malam, jaki ya taɓa harbina a gaban surukai, amma ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar wannan "to" ɗin ba. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, in kuma yaɓe bakin ramin daga ciki.

Ban jira umurnin Joji ko na Hakimi ba. Na tuɓe rigar aro na miƙa wa mai ita, wanda ya karɓa ba tare da ya dube ni ba. Na fizgi kalme, wato fartanya, daga hannun wani mai sayar da su na kai wa bangon sara. Kalmen ya yi tsalle ya dawo. A nan na gane sharrin ƙwarewa: makubar nan da na yi ta alfahari da ita ta mai da lakar dutse. Ina sara ina zufa, abin da ke zubowa bai fi a cika cokali ba, duk kasuwa na kallo.

Lamidi ya ce, "Sannu bawana. Ashe aikin naka na da kyau. Da ƙarya kake da yanzu ka huta."

Sai Saje ya mai da usur bakinsa ya busa. Tsofaffin sojojin nan suka ajiye girma, kowa ya nemi abin sara, suka yi wa rumbuna ƙawanya. Saje na ba da oda kamar a fagen fama, ni ma ya haɗa da ni: "Magini, hagu! Hagu nac ce, ko ita ma ka yaɓe ta?" Wasu suka hau suka ture jinka. Lamidi ya sa sufana yana ɓanɓaro tasoshi, kowace ya ciro sai ya ɗaga sama ya yi mata kirari kafin ya miƙa wa Hajo, ita kuwa tana karɓa tana duba lotsawar tana dubana. Na san akwai wata shari'ar tana jirana a gida, wadda ba tafinta.

Sannu a hankali koren ƙarfe ya fara leƙowa. Muka yanke igiyoyi, kara ya zube, ƙofar hagu ta bayyana. Saje ya ɗaga hannu kowa ya tsaya. Ya nuna mini wurin. Na nemi tsinke na durƙusa ina ƙwaƙule lakar da na danna da yatsana, har tsingaron ya faɗa ciki, ƙwal. Na hure ƙurar, na goge bakin hujin da gefen taguwata, na matsa.

Inna Hassi ta kawo hannu. Saje ya ɗora mata shi a kan ƙarfen, ta laluba da kanta har ɗan yatsanta ya shige. Ta tsaya a haka. Ta jingina goshinta da ƙofar, bakinta na motsi, ba mai jin abin da take cewa. Joji ya cire hularsa. Sauran iyalan da Saje ya gayyato suka matso, wannan ya taɓa ƙarfe, wancan ya shafa wani hujin, ko da ba a nan nasu ya faɗi ba.

Da ta ɗago ta ce, "Ashe ɗan ƙarami na. Ni ina can ina zaton ya kai bakin tulu." Ta share fuska da gefen mayafi. "To, Nomau. Na gani. Allah shi sada mu da alheri."

Ta karɓi ƙwaryarta ta ɗaga faifan. Fura ce, damun safiya. Ta ce, "Kullum ina rage mai. Daga yau na bari. Ɗanjimma, sha."

Saje ya kai baki, ya kurɓa sau ɗaya, ya kasa ƙarawa. Ya mayar mata. Sai ta juyo wajen da take jin hakina ta ce, "Ina maginin? Karɓi, ɗiyana, shanye. Kai ɗaya ka yi aikin mutum biyu yau, na wawa da na mai hankali."

Na karɓa da hannu biyu, laka har gira. Na kafa kai ban ɗago ba sai da na ga gindin ƙwarya, don in na ɗago za a ga idona. Nomau bai yi ƙarya ba game da furar nan. Wannan kaɗai ne a duk labarin ban ƙara wa gishiri ba.

Rawani dai wani aka naɗa wa, mutumin kirki, wanda bai taɓa yaɓe abin da ba a sa shi ba. Ni kuwa Hakimi ya kira ni ya ce, tunda na fi kowa sanin jikin motar, ciki da waje, to kulawa da ita ta zama tawa har iyakar raina. Na kafa mata ginshiƙai huɗu da rufi a sama, gefe a buɗe yadda kowa zai gani. Kafin kowace damina nakan kankare tsatsa in shafe ta da baƙin mai. Lamidi ne ya koya mini, kuma duk zuwan da zai yi garin nan sai ya kawo mini gwangwani guda, tare da tayin zai shafe mini fuska kyauta. Tasoshin Hajo kuwa, Turawa sun tattara sun tafi, 'ya'yanmu sun yi aure, amma maganarsu ba ta tafi ba.

Abin da na koya bai da yawa: ba kowane rami ne ke neman magini ba, kuma kafin ka kwaɓa laka ka tambayi mai bango. Sai dai har yanzu akwai wanda bai ji wannan karatu ba. Duk shekara zanzaro kan zo ya ɗebo 'yar lakarsa ya toshe hujin Nomau tsaf, aiki mai kyau, ba laifi a sana'a. Ni kuma in ɗauko tsinke in durƙusa in ce masa, "Haƙuri za ka yi, ɗan'uwa. Na riga ka gwadawa, ba a so."